Rage Ƙarar Waje a Cikin Gida: A Fara da Bin Sawun Ƙura

A Sakkwato, wanda gidansa ke bakin Titin Ahmadu Bello, ko gefen hanyar da tirelolin siminti ke bi daga Kalambaina, ko yake katanga ɗaya da mai injin niƙa a Mabera, ya san abin da ƙara ke yi wa barci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ta inda take shigowa. Sai ka ga an zuba kuɗi a bango, alhali bangon ba shi da laifi.

Hanya biyu ƙara ke bi. Ta farko iska ce: odar mota, kukan baburan 'yan kabu-kabu, lasifikar gidan biki, duk iska ke ɗauko su, kuma duk kafar da iska ta samu, su ma sun samu. Ta biyu jikin ginin ne, wato jijjigar da ke bin ƙasa da bango, irin ta injin niƙa ko janareton da aka girke a kan daɓe. Maganin ta farko toshe kafa da ƙara nauyi. Maganin ta biyu raba injin da ginin. Wanda ya yi wa wannan maganin waccan ya yi asarar kuɗinsa.

Mu a Sakkwato muna da ma'auni kyauta, hunturu. A share ɗaki tsaf, a goge bakin taga da gindin ƙofa, a rufe komai kwana biyu, sannan a dawo a duba. Za a ga ƙura ta ja layi siriri a ƙarƙashin ƙyaure, ta taru a kusurwar firam, ta yi zobe a gefen bututun na'urar sanyaya ɗaki. Kowane layi a cikinsu ƙofar ƙara ce. Idan ba lokacin hunturu ba ne, a jira dare, a kashe fitila, wani ya zagaya da tocila ta waje, na ciki ya riƙa sa alama da alli duk inda haske ya leƙo.

Da desibel ake auna ƙara. Hira ta yau da kullum tana kai kimanin 60, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙa'idojinta na 1999, ta ba da shawarar kada ƙarar ɗakin kwana ta wuce 30 da dare. Idan aka rage 10, kunne zai ji kamar an raba ƙarar biyu. Manhajar awon ƙara ta waya ba ta da cikakken daidaito, amma ta isa a kwatanta kafin aiki da bayansa, muddin wuri ɗaya aka ajiye wayar, a lokaci ɗaya.

Ƙofa

Ɗauki ƙyaure mai faɗin santimita 90 da tsawon 210, wanda aka bar santimita 1 tsakaninsa da daɓe. Wannan 'yar tazarar, in aka haɗa ta wuri ɗaya, rami ce mai girman tafin hannu. Da ita kaɗai, komai kaurin ƙyauren, ragin da zai yi ba zai wuce desibel 23 ba. Shi ya sa roba ta kuɗi kaɗan takan fi sabuwar ƙofa amfani.

A liƙa roba a gefe biyu na firam da samansa, daidai inda ƙyaure ke zama in an rufe. A nemi baƙar roba irin ta ƙofar mota, wadda ake kira EPDM. Soso mai gam na araha ba ya jure zafinmu, yakan bushe ya marmashe. Kafin a liƙa, a goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma a bari ya bushe, don gam ba ya kama ƙura. A ƙasa kuma a yi dokin ƙofa na siminti ko katako, tsayin santimita 1.5 zuwa 2, a ɗaura roba mai share ƙasa a gindin ƙyauren ta yadda za ta danne shi. Gwajin mai sauƙi ne: a sa takarda a rufe ƙofa a kanta, a ja. In ta zare ba tare da turjiya ba, robar ba ta kama a wurin ba. In kuma sai an sa kafaɗa kafin makulli ya shiga, robar ta yi kauri, za ta lalata hinji, a canza ta da siririya.

Ƙyauren ƙarfe mai fanko a ciki ganga ne. Idan sabo za a yi, a ce wa mai walda ya cusa audugar dutse, wadda aka fi sani da Rockwool, tsakanin fallayen biyu kafin ya rufe. Kada a yarda da soson katifa, wutar walda za ta kama shi. Ƙyauren katako mai fanko kuwa a ƙara masa filawud na milimita 12, a ƙara hinji na uku saboda nauyi. A duba tsakanin firam da bango, domin birkila yakan bar wurin holoƙo ya shafe samansa kawai. A ƙwanƙwasa, in an ji fanko a fasa a cika da kwaɓin siminti.

Magabata da suka yi zaure da shigifa, ƙofar wannan ba ta kallon ta wancan, sutura suka nufa, amma tsarin yana karya ƙarar titi ƙwarai. Mai sabon gini ya riƙe shi.

Taga, inda aikin yake

Gilashi mai kaurin milimita 4 nauyinsa kilo 10 ne a murabba'in mita. Bangon bulo inci 9 kuwa, bulo 10 ke shiga murabba'in mita, nauyinsu ya kai kilo 200 ko fiye tun kafin a yi shafe. To ka ga inda raunin ɗaki yake.

Tagar lufa ba ta da magani, ko an rufe ta akwai kafa tsakanin kowane gilashi da na kusa da shi. Ta aluminiyom mai zamewa ta fi ta, amma dole a bar mata sarari don ta zame, kuma gashin da ke gefenta yakan cinye da yashi. Wadda ke buɗewa kamar ƙofa, mai roba kewaye da hannu mai matsewa, ita ce gaba a cikin ukun.

Aikin da ya fi kowane biya shi ne ƙara taga ta biyu daga ciki, a bar ta wajen yadda take. Kaurin bangon inci 9 ya kai santimita 22 da rabi, saboda haka akwai wuri. A bar aƙalla santimita 10 tsakanin gilasan biyu, in an samu 15 ya fi. Iskar da ke tsakani ita ke aikin, kuma idan tazarar ta yi kaɗan, rugugin tirela zai ratsa kamar babu komai. Wannan ne dalilin da ya sa gilashi mai ruɓi biyu na kamfani, mai tazarar milimita 6 zuwa 12, yake tare zafi sosai amma bai cika tare rugugi ba. Kaurin gilasan ya bambanta: in na waje 4 ne, na ciki ya zama 6. Kowane kauri yana da muryar da yake da rauni a kanta, in suka zama iri ɗaya sai raunin ya haɗu wuri guda. Firam ɗin biyu kada su taɓa juna, kada kuma ƙarfen kariya na taga ya haɗa su, don ƙarfe gada ce ga jijjiga. A kewaye firam na ciki da silikon ba tare da yankewa ba. 'Yan hudojin da ke ƙasan firam na waje na fitar ruwan sama ne, a bar su a buɗe, in ba haka ba ruwa zai kwanta ya jiƙa bango da damina. Tagar cikin lalle ta zama mai buɗewa, saboda shara da shan iska da kuma ranar gobara, Allah Ya kiyaye.

Ɗan haya da ba zai taɓa gini ba yana da mafita. Kafinta ya yanko filawud na milimita 18, ƙasa da ramin tagar da santimita 1 ta kowane gefe, a liƙa roba kewaye, a sa hannu biyu. Da dare a cusa shi ya matse, da safe a cire.

Zafi fa?

Wannan tambayar ba a kauce mata a garin da zafi ke wuce digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, ga wuta tana ɗaukewa. Ɗakin da aka toshe ko'ina ba zai kwantu ba. Shawararmu ita ce a zaɓi ɗaki ɗaya, na kwana, a toshe ɓangarensa da ke kallon titi, a sha iska ta ɓangaren tsakar gida. Idan tagar titi ce kaɗai, a yi akwatin iska: akwatin filawud da aka raba cikinsa ta yadda iska sai ta bi lanƙwasa biyu kafin ta shigo, a shimfiɗa audugar dutse mai kaurin santimita 5 a cikinsa, a rufe ta da yadi don kada ɓurɓushinta ya shigo ɗaki, a sa ragar sauro a bakin waje da ƙaramar fanka mai jan iska. Iska tana bin lanƙwasa, ƙara kuwa tana raguwa a kowane karo da ta yi. Ramin bututun na'urar sanyaya ɗaki a cika shi da siminti, a ƙarasa da silikon. Kumfar feshi mai kumbura tana tare iska, amma ba ta da nauyi, kada a dogara da ita kaɗai a babban rami.

Abu ɗaya ba sassauci a cikinsa: ɗakin da aka toshe haka ba a shiga da kaskon gawayi cikinsa don jin ɗumi da sanyi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Sama da bango

Kwanon rufi siriri ne, silin roba na PVC ma haka, saboda haka ƙara takan sauko ta sama mutum yana zargin taga. Silin POP ko allon jifsom na milimita 12 ya fi nauyi. A shimfiɗa audugar dutse ko ta gilashi santimita 5 zuwa 10 a bayansa, ba tare da barin giɓi ba. Ribar biyu ce, don tana rage zafin kwano da kuma dukan ruwan sama. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, kuma mai wuta ya fara duba wayoyin da ke sama. A gidajen haya sau da yawa bangon da ya raba ɗakuna a silin yake tsayawa, sama kuwa fili ɗaya ne, maganar maƙwabci ta haura ta sauko. A ɗora bulo har ya taɓa rufi, a toshe bakin.

Bango bai cika buƙatar komai ba sai shafe. Bulo tsirara yana da ƙofofi ƙanana da iska ke ratsawa, don haka a shafe ciki da waje, kaurin milimita 12 zuwa 15, kwanon sarki ɗaya na siminti da huɗu na yashi. A cike ramukan katakon hawa da magina suka bari, kada kuma a sa soket biyu baya da baya a bango ɗaya. Ginin ƙasa mai kauri ya wadatu da nauyinsa, tsagewa kawai za a bi a yaɓe.

Kiret ɗin ƙwai da soson da ake liƙawa a ɗakin ɗaukar murya suna rage amsa-kuwwar cikin ɗaki ne, ba su tare ta waje, ga shi suna cin wuta. Labule mai kauri da kafet taimakonsu kaɗan ne. Layin dogon yaro yana ba da inuwa, amma ganye ba ya tare ƙara. Katanga tana ragewa, tsakanin desibel 5 zuwa 10, da sharaɗin ta yi tsayin da daga taga ba a hango abin da ke ƙarar, kuma ba bulon ado mai huji a jikinta. Bene ba ya amfana da ita.

Janareto da injin maƙwabci

Nisa shi ne magani mafi araha. A fili, duk ninka tazara yana rage kimanin desibel 6, wato injin da aka ɗaga daga mita 3 zuwa mita 6 ya riga ya yi sauƙi. Mita 6 ɗin nan kuma ita ce mafi ƙarancin tazarar da ake so tsakanin janareto da taga ko ƙofa saboda hayaƙinsa. A ɗora shi a kan roba mai kauri ko tsohuwar taya da aka sa wa katako, a juya salansa ta kalli inda ba kowa. Idan za a yi masa ɗaki, a gina bango uku na bulo, a bar na huɗu a buɗe yana ba gida baya, da sararin kimanin mita 1 kewaye da injin. Janareton da aka kulle a akwati yakan yi zafi ya mutu, wani lokaci ya kama da wuta. A zaure ko baranda ko ƙarƙashin bene kuwa ba a kunna shi ko na minti ɗaya. Sau da yawa rabin ƙarar tsohon inji kwancewar noti ce da fashewar salansa, aikin da bakanike zai gama cikin sa'a guda.

Injin niƙa ya fi wuya, domin ta ƙasa yake zuwa. Ɗora tafin hannu a bango lokacin da yake aiki, in ka ji yana rawa, to duk robar da za ka sa a ƙofa ba za ta kawar da shi ba. A wurin injin ake gyara: a zuba masa gindin kankare nasa daban, a bar tazarar santimita 2 zuwa 3 tsakaninsa da daɓe da bango, a sa robar zaman inji a ƙarƙashin ƙafafunsa. Wannan sai da yardar mai shi, kuma haƙƙin maƙwabtaka ya sa a fara da sallama da magana mai daɗi, har ma a yi tayin biyan kuɗin robar da simintin. In abin ya ƙi, akwai mai unguwa, akwai kuma dokar hana ƙara ta 2009 da NESREA, hukumar kare muhalli ta ƙasa, ke kula da ita. Kafin a kai ga nan, a janye gado daga jikin wannan bangon ko da santimita 10 ne, a yanko tsohuwar taya a sa ƙarƙashin kowace ƙafarsa.