Babi na Shida: Rigakafin Ciwon Huhun Shanu

Darasi na Ɗaya: Gane ciwon

Jama'a 'yan aji, kowa ya buɗe wannan shafi, wanda karatunsa bai yi ƙwari ba ya ɗora yatsa a kan layi ya biyo mu a hankali, domin ba gaggawa muke yi ba. Ciwon huhu wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, wadda likitocin dabbobi ke kira maikofilasma. Danginta ne ke sa awaki da kaji da aladu tari, amma wannan ta shanu ce, ba ta kama mutum. Ta hanyar numfashi take yaɗuwa, shi ya sa sā ɗaya da aka sayo a kasuwar Mai'adua aka ɗaure shi kusa da na gida zai iya shafa wa turke duka. Wanda ya kamu za ku gan shi ya miƙe wuya, ya buɗe ƙafafun gaba, yana nishi, yana tari idan an tashe shi tafiya. Mahauta sun san shi sarai: idan an feɗe sai a tarar huhu ya manne da haƙarƙari, ƙirji cike da ruwa rawaya. Wanda ya warke ma yana iya ci gaba da ɗauke da cutar watanni.

Darasi na Biyu: Sanyi da lokaci

Wannan shi ne darasin da na fi so ku riƙe, ko da za ku manta da sauran. Ana haɗa allurar rigakafin a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, kuma tana zuwa a busashe cikin ƙaramar kwalba. Abin da ke cikin kwalbar nan mai rai ne, an dai raunana shi, kuma zafi yana kashe shi. Saboda haka kwalbar ba ta rabuwa da ƙanƙara daga ofishin malamin dabbobi har zuwa turke.

A sake karantawa: ba ta rabuwa da ƙanƙara. Ba a sa ta a aljihun riga, ba a ajiye ta a kan tankin babur, ba a barin ta a rana don a je a gaisa da mai unguwa. Ku sa hannu cikin kular da aka kawo ta. Idan kun ji ruwa mai ɗumi maimakon ƙanƙara, ku faɗa wa malamin, babu rashin kunya a cikin wannan.

Abu na biyu shi ne lokaci. Da zarar an zuba mata ruwan haɗinta, sai a yi amfani da ita kafin awa 2, abin da ya rage kuma a zubar. Ke nan shanu ne za su jira allura, a tara su a ɗaure tun da sassafe kafin a haɗa. Wanda bai iya duba agogo ba kada ya damu, ya sa yaro ya duba masa a waya, ya rubuta lokacin a bayan wannan littafi.

To amma, dattawa, ku gafarce ni, dole in yi magana. Bara na ga wani daga cikinmu, ba zan kama suna ba, ya karɓi ragowar allura a sirinji ya sa a aljihu, wai zai yi wa maraƙin ƙaninsa bayan La'asar. Ruwa ya tsira wa maraƙin, ba magani ba. Sau nawa zan faɗa? A bar ta cikin ƙanƙara, a haɗa ta bayan shanu sun taru, a gama kafin awa 2. Kowa ya rubuta waɗannan jimloli sau 3 a littafinsa, zan zagaya in duba.

Darasi na Uku: Waɗanda ake yi wa

Maraƙin da ya kai wata 6 zuwa sama ake yi wa, a ƙarƙashin fata, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar. Ba a yi wa marar lafiya, kuma kada a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kwanakin allurar, domin shi ma yana kashe ta kamar yadda zafi ke yi. Ana maimaitawa kowace shekara, tun da ƙarfinta ba ya daɗewa.

Darasi na Huɗu: Bayan allura

Wani lokaci wurin yakan kumbura bayan 'yan makonni. Idan kumburin yana ƙaruwa, a kira malamin dabbobi, kada a tsaga.

Darasi na Biyar: Sabon sā

A ɗaure shi nesa da na gida har malamin ya duba shi.