Darasi na 7: Idan Injin Motar Daji Ya Yi Zafi

Motar daji, irin su Land Cruiser da Hilux, ba ta samun sauƙin da motar kwalta take samu. A kan kwalta mota na gudu, iska na dukan lagireto, ruwa na hucewa. A rairayi kuwa, ko cikin laka, direba na kan giya ɗaya ko biyu, inji na gurnani, amma tafiyar hawainiya ake yi. Aiki ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Duk wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Dirku da bazara, ko ya kai kaya kasuwar ƙauye a tsakiyar damina, ya ga yadda allurar zafi take hawa a irin wannan wuri.

Yadda ruwa yake zagayawa

Ruwa yana bi ta wasu hanyoyi a cikin inji, ya kwashi zafi, ya fita ta tiyon sama zuwa lagireto. A can fanka take jawo iska ta hura shi, ya huce, ya koma ta tiyon ƙasa. Famfon ruwa ne yake tura shi, fanbel kuma, wato bel ɗin roba da inji yake ja, shi yake juya famfon. Akwai wata 'yar ƙofa da ake kira tamostat. A rufe take idan inji na da sanyi, sai ruwa ya kai wajen digiri 80 take buɗewa. Za ka ga an buga lambar a jikinta.

Kada ka raina murfin lagireto. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Murfi mai kyau yana danne ruwan, ya hana shi tafasa har wajen digiri 120. Duba samansa, za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1. Idan za ka sayi sabo, nemi mai lamba irin ta tsohon. Murfin da robarsa ta tsage yana iya sa lafiyayyar mota ta riƙa aman ruwa, ga shi kuwa shi ya fi komai araha.

Allura ta hau, me za ka yi?

Tsaya. Kada ka ce bari in ƙarasa wancan ƙauyen. Kashe AC. Idan da hali, juya gaban motar ya fuskanci iska, ka buɗe bonet. In ka ga tururi, ko ruwa na zuba, ko fanbel ya tsinke, kashe inji nan take. In ba ka ga ko ɗaya ba kuma fanka na juyawa, bar injin a kunne 'yan mintoci ba tare da ka taka mai ba, ka ga ko allura za ta sauko.

Karanta wannan hira tsakanin yaron mota da direba da ƙarfi:

"Maigida, in buɗe murfin in zuba mata ruwa?"

"Kul! Matsa baya. Ruwan nan ya fi na shayi zafi, fuskarka zai wanke."

"To in watsa wa injin na jarka ya huce?"

"Shi ma a'a. Ƙarfe mai zafi in ya sha ruwan sanyi tsagewa yake yi. Samo mana inuwa, sai bayan rabin awa."

Bayan ya huce, sa tsumma mai kauri a kan murfin, ka murɗa kaɗan, ka jira huci ya gama fita kafin ka cire. Zuba ruwa a hankali.

Ga wani abu da yake yaudarar direbobi. Wani lokaci allura takan hau, can sai ta faɗi da kanta, direba ya ce alhamdu lillahi. Mai yiwuwa ruwan ne ya ƙare ƙaf, abin auna zafin ba ya taɓa komai sai iska. A haka inji yake bugawa. Idan allura ta faɗi ba dalili, sauka ka duba.

Tambayi motar: yaushe kike zafi?

Nan ne gindin darasin. Kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya, lura da lokacin da zafin yake zuwa, domin shi zai nuna maka inda ciwon yake.

Idan tana zafi a tsaye ko a tafiyar rairayi, amma da ka hau hanya mai kyau ta huce, matsalar iska ce. Fara da gaban lagireto. Busasshiyar laka, ƙaiƙayi, ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa suna toshe ramukansa. Leƙa tsakaninsa da lagireton AC, nan datti yake ɓuya, daga waje ba a gani. Wanke shi daga ɓangaren inji zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi, don kada siraran ƙarafan su lanƙwashe. Sannan fanka. Yawancin waɗannan motoci fankarsu tana da wani ƙulli a tsakiya mai ɗauke da mai kauri, wanda yake kama ta idan inji ya yi zafi. Kashe inji yana da ɗumi, zare makulli, ka juya fankar da hannu. Idan ta yi ta walawala ba abin da ya riƙe ta, ko ka ga mai ya jiƙa ƙullin, ta mutu, ko da kana ganin tana juyawa. Mai lafiya za ka ji tana huci kamar guguwa idan aiki ya yi aiki.

Idan kuwa lafiya lau take a tsaye, sai an yi lodi ko an hau tudu ko an yi gudu take zafi, to ruwa ne ba ya zagayawa sosai. Danna fanbel da babban yatsa, in ya yi sako-sako a ɗaure shi. Kashe inji, ka shafa jikin lagireto da tafin hannu. Wani wuri zafi, wani wuri sanyi, alamar ya toshe daga ciki. Inji ya yi zafi ƙwarai amma lagireto da sanyinsa, tuhumi tamostat. Gwajinta ba wuya: jefa ta a tukunyar ruwa a kan wuta, in ruwa ya tafasa ba ta buɗe ba, ta gama aiki.

Bakanikai da yawa sukan cire tamostat su jefar, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Ni ban yarda da wannan ba. Inji marar tamostat yana daɗewa bai ɗumama ba, musamman da asubar hunturu, ya sha mai, ya ci kansa. Ciwon asali kuma yana nan, an rufe shi ne kawai. Sa sabuwa.

Idan kullum sai ka ƙara ruwa, akwai inda yake yoyo. Nemi farin tabo ko tsatsa a bakin tiyo, a ƙarƙashin famfon ruwa, da kusurwoyin lagireto. A daji kana iya naɗe tiyon da ya huje da robar tsohon tif ka ɗaure da waya, ya kai ka gari. Masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto sukan toshe hujin, su toshe hanyar ruwa tare.

Ba yoyo a waje amma ruwa na raguwa? Da safe, inji na da sanyi, buɗe murfi ka tayar da mota. Kumfa na tasowa ba tsayawa, salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara: gaskit ɗin top silinda, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone. Wannan ba gyaran gindin bishiya ba ne. A ja motar zuwa gareji.

Ruwan da kake zubawa

Ruwan rijiya mai kanwa ko gishiri yana barin farin dutse a cikin lagireto, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Ruwan kulan, wato ruwan lagireto na kanti, kore ko ja, ya fi, domin yana hana tsatsa. In dole ta sa ka zuba na rijiya ko na tafki, tace shi da ƙyalle, kuma ka juye shi idan ka iso gari. Kafin ka shiga rairayi mai zurfi, rage iskar taya, nauyin da ke kan inji zai ragu.

Aikin yi

Gobe da safe, kafin a tayar da mota, ka buɗe bonet tare da wanda ya fi ka sani. Nuna masa tiyon sama, tiyon ƙasa, fanbel da famfon ruwa, ka rubuta sunayensu a littafinka. Kwafi lambar da ke kan murfin lagireto, ka kawo ta aji.