Yadda ake tara mazubi da kayan shuka a saman bene a Makka da Jidda

Kada ka kashe riyal ko ɗaya wajen sayen tukunyar shuka. Ajiye kuɗin ka sayi ƙasa mai kyau, mazubi kuwa kyauta ake samunsa.

Fara da gidajen abinci na unguwa. Tambayi bokitan roba da aka juye man girki ko ɗahina (niƙaƙƙen riɗi) daga cikinsu, masu cin lita 15 zuwa 20. Kowane ɗaya na ɗaukar tushen tumatir, barkono ko kuɓewa guda, don jijiyarsu na son zurfin santimita 30. A kasuwar kayan gwari ta Ka'akiyya a Makka ko Halaƙa a Jidda ana zubar da farin akwatin soso, irin mara nauyin nan da ake zuba kayan gwari a ciki. Shi ya fi dacewa da jarjir (wani ganye da ake ci ɗanye), lalo, alayyahu da na'ana'a, waɗanda santimita 15 zuwa 20 ta ishe su, kuma yana rage zafin da ke shiga ƙasar da ke cikinsa. Buhun shinkafa ma na yi, sai dai rana na ruɓar da shi cikin kaka ɗaya.

Abin da aka taɓa zuba baƙin mai, maganin ƙwari ko sinadarin wanke banɗaki, bar shi ko da an wanke. Gwangwani da baƙar roba kuwa dafa jijiya suke yi a ranar Makka. In su kaɗai ka samu, shafa musu farin fenti ko ka naɗe su da buhun algarara.

Wanke mazubin da sabulu, sannan ka gasa ƙusa a wuta ka huda rami 5 ko 6 masu faɗin santimita ɗaya. Huda a gefe, yatsa biyu sama da gindi, don a ƙasa siminti na toshe su. Ba sai ka zuba tsakuwa ba, tana rage wa jijiya wuri ne kawai.

Wajen ƙasa ne aka fi yin asara. Haɗa kashi 2 na ƙasar buhu daga mashtal (wurin sayar da dashe), kashi ɗaya na yashi, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Yashin bakin teku gishiri gare shi, ganye zai ƙone daga baki. Ɗanyen kashin tumaki, irin wanda ke yawa bayan layya, shi ma yana ƙona jijiya: jiƙa shi, ka rufe, ya yi wata 3.

Ɗora bokitan a kan bulo ko katako, kusa da bango, don cikakken bokiti jiƙaƙƙe nauyi gare shi, kuma danshi na ɓata rufin mai gida. Tari ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a jarka don ban ruwa, ba shi da gishiri. Amma rufe jarkar ruf, kar kuma ka bar ruwa kwance a faranti, saboda sauron da ke kawo zazzaɓin dengi, wanda aka sani a Jidda tun 1994.

Gama tara komai a Satumba, ka yi shuka a Oktoba da zafi ya fara sauka. Kuɓewa da lalo na jure bazara idan ka yi musu rumfa da koren ragar inuwa.