Yadda Ake Shirya Yawon Keke a Duwatsun Rano da Birnin Kudu

Kudancin Kano da kudancin Jigawa ƙasa ce da ta dace da keken hawan dutse. Akwai hanyoyin burji, akwai burtalin shanu, akwai fa mai faɗi da taya ke kamawa sosai, sannan ga tsofaffin garuruwa a gindin duwatsu. Rano na cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira Sarakunan Baba saboda rini. Daga nan ana iya bi ta Rurum a gangara wajen madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Bako. Birnin Kudu kuma, kimanin kilomita 130 daga Kano ta Wudil da Kwanar Huguma, tana da zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun da ke amo idan an ƙwanƙwasa su, waɗanda Bernard Fagg, Bature masanin kayan tarihi, ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950.

Hawan duwatsun nan gajere ne, ba ya gagarar mai matsakaicin ƙarfi. Abin da ke katse wa mutane tafiya shi ne ƙaya, yashi, ƙura da rana. A kan su za a gina duk shirin.

Lokaci da tsawon hanya

Daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu ya fi. An kwashe amfanin gona, hanyoyi sun bushe, safiya da sanyi. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, bai kamata a yi doguwar tafiya ba. Da damina kuwa taɓon fadama yana cushe tsakanin taya da ƙarfe har keken ya ƙi motsi, rafuka kuma suna cika cikin ɗan lokaci.

A kan turɓaya a lissafa kilomita 10 zuwa 14 a awa ɗaya. Zagayen kilomita 35 zai ci awa 2 da rabi zuwa 3 da rabi na tuƙi, ban da tsayawa. Saboda haka a kai kekuna garin a mota, a fara da ƙarfe 6:30 na safe, a dawo kafin azahar. Wajen loda keke a mota a cire tayar gaba, a kwantar da shi ɓangaren kaca yana sama, don ɗan ƙarfen da ke riƙe da giyar baya yana saurin lanƙwashewa.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. Kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya a tambayi mutumin garin halin da hanyar take ciki a wannan makon. Kada a nausa kudu wajen dajin Falgore. A tafi mutum uku ko fiye, a bar wa na gida sunayen ƙauyukan da za a bi da lokacin dawowa. A sauke taswira a waya tun a gida, da Google Maps ko OsmAnd, saboda sabis yana ɗaukewa a bayan duwatsu.

Taya ita ce rabin aikin

Faɗin taya ya zama inci 2.2 zuwa 2.4. Siririyar taya tana yanka yashi ta nutse, mai faɗi tana hawa kansa. Mutum mai nauyin kilo 70 da ke amfani da tiyub ya sa iska psi 28 a gaba, 32 a baya (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya). Mai kilo 85 ya ƙara 3 ko 4. Masu faci na bakin titi sun saba cika taya ta yi tauri ƙam, wanda a kan tsakuwa yake sa keke tsalle da zamewa. Idan kuma iska ta yi ƙasa da yawa, gare zai matse tiyub a gefen dutse ya huda shi wuri biyu kusa da juna. Duk sanda ka ga huda biyu a jere, ƙarancin iska ne ya jawo, ka ƙara.

Babban abokin gaba shi ne tsidau. Yana shimfiɗe a bakin gonaki da gefen hanya, 'ya'yansa idan sun bushe suna shiga taya goma-goma. Ga kuma ƙayar aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, musamman inda aka sare reshe aka yi shinge. Maganin da ya fi aiki shi ne taya marar tiyub da aka zuba wa ruwan toshe huda, mililita 90 zuwa 120 a tayar inci 29. A zafin ƙasarmu ruwan yana bushewa cikin wata 2 zuwa 3, don haka a girgiza tayar kafin tafiya, in ba a ji motsin ruwa ba a ƙara. Wanda kekensa bai karɓi wannan tsari ba ya nemi tiyub mai kauri, ya sa masa robar kariya tsakaninsa da taya. A hanya kuma a bi tsakiyar sawun babura, a daina yankewa ta cikin ciyawa.

Idan aka yi faci, kuskuren da aka fi yi shi ne gaggawa. Bayan ka cire tiyub, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka zagayo, ka zare ƙayar, in ba haka ba sabon tiyub ma zai sace kafin ka yi nisa. Ka kankare wurin hudar da sanfefa, ka shafa sholisho siriri fiye da faɗin facin, ka jira minti 3 zuwa 5 har ya daina ƙyalli, sannan ka manna ka danne da ƙarfi na minti ɗaya. Facin da aka ɗora kan ɗanyen sholisho yana ɗagowa da zarar taya ta ɗauki zafi.

Mai gyaran keke na ƙauye gwani ne, amma kayan da ke shagonsa na Phoenix da Raleigh ne masu inci 28, ba za su shiga kekenka ba. Kowane mutum ya riƙe tiyub 2 daidai girman tayarsa, famfo, kayan faci, ƙarfen ɓamɓare taya, alanki daga milimita 4 zuwa 6, abin yanke kaca da mahaɗinta daidai da yawan giyarsa. Mai siririn bawul ya riƙe ɗan mahaɗin da zai sa famfon mota ya shiga.

Kaca da birki a cikin ƙura

Kada a shafa wa kaca baƙin mai ko giris. Ƙurar hunturu tana manne musu, su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su cinye kaca da haƙoran giya. A goge kacar da tsumma, a ɗiga man kaca marar danƙo a kowace gaɓa da daddare, a share na waje da safe. Don sanin ko ta tsufa, a auna gaɓoɓi 12 cikakku, ana ƙirga ta ciki da ta waje a matsayin ɗaya: sabuwa inci 12 ce cif, in ta ƙaru da kashi ɗaya bisa 16 na inci a canza ta. Mai birkin faifai ya kiyaye kada mai ya taɓa faifan, ko ɗigo ɗaya yana kashe birki ya sa shi kuka. Takalmin birki da kaurinsa ya kusa milimita 1 a sauya shi tun a gida.

Yadda ake tuƙi a yashi da kan fa

Kafin ka shiga yashi ka sauko da giya zuwa mai sauƙi, don a cikinsa ba ta canzuwa da daɗi. Ka ja jiki baya kan sirdi, ka sassauta riƙon kan keke, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa, idonka a kan inda yashin ya ƙare. Kada ka taɓa birkin gaba, kada ka yi kwana mai kaifi. In yashin rafi ya wuce taku 50 kuma yana da zurfi, sauka ka tura, ƙarfin da za ka ɓata zai yi maka amfani a gaba.

Busasshen fa yana riƙe taya sosai, amma tsakuwar da ke gindinsa da baƙin sawun da ruwa ke bi suna da santsi. Wajen gangara a sauke sirdi santimita 5 zuwa 10, a miƙe kan feda ƙafafu a daidaice, a matsa birki biyu tare a hankali. Duk gangarar da ba ka ga ƙarshenta ba, fara bin ta da ƙafa, domin kwazazzabo kan ɓoye a bayan tudu. Hular kwano dole ce.

Ruwa da jiki

A lissafa mililita 600 zuwa lita 1 a kowace awa, wato aƙalla lita 3 ga mutum ɗaya. Gora ɗaya ta zama ta gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa kurɓa duk minti 15, a ci dabino ko gyaɗa ko ƙuli-ƙuli duk awa. Wanda ya fara ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a zaunar da shi a inuwa, a jiƙa masa riga, a ba shi ruwan gishirin. In magana ta fara rikice masa, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take. A cikin duwatsu akwai kububuwa da zuma, kada a zura hannu a kogo ko tsaga.

Shiga gari da wuraren tarihi

Baƙi da kekuna da huluna suna jan ido, saboda haka a fara da mai unguwa ko dagaci. A sauka daga keke tun daga nesa, a cire tabarau, a gaisa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Kano, mun zo ganin dutse, muna neman izini da wanda zai raka mu." Ɗan rakiya ya san hanyar da ta ɓulle da wadda ta mutu a gona, ya san makabarta da wurin da ba a shiga. A sallame shi da abin kirki. Idan an haɗu da garke a burtali a tsaya gefe a ce wa makiyayi sannu da aiki, a bar shanun su wuce, gudun keke yana firgita su. Ba a taka kunyar gona, ba a ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa.

Kufan ganuwa tarin ƙasa ne da ya yi ɗaruruwan shekaru, ko a Rano ko a birnin Kano inda aka fara ginin tun zamanin Sarki Gijimasu. Ga mai keke yana kama da tudun wasa, amma sawun taya ɗaya ya isa ya buɗe wa ruwan damina hanyar zaizaye shi. A jingine keke a ƙasa a zagaya da ƙafa. Zanen Birnin Kudu ya fi wannan rauni, kuma yana ƙarƙashin kulawar hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, don haka a nemi mai kula da wurin kafin a shiga. Kada a taɓa zanen da hannu, kada a watsa masa ruwa don ya fito a hoto, kada a rubuta suna da gawayi ko fenti a kusa. Launin zanen ya fi fitowa da safe kafin rana ta take, shi ya sa ya kamata a sa wurin a farkon zagaye.

Bayan an dawo a wanke keken da bokiti da soso. Injin wankin mota yana tura ƙura da ruwa cikin boris. A duba kowace taya a zare ƙayoyin da suka maƙale, a matsa wayoyin gare bibbiyu a ji ko akwai wadda ta saki, a shanya keken a inuwa sannan a sa wa kaca mai.