Yadda Ƙaramin Kamfani Zai Shiga Kwangilar Gwamnatin Amurka

Kafin komai, yi wa kamfaninka rajista a SAM.gov, shafin rajistar masu son yin kwangila da gwamnatin Amurka. Kyauta ce, kuma a nan ake ba da lambar shaidar kamfani da ake kira UEI. Tabbatar sunan kamfani ya yi daidai da na takardun haraji, domin ɗan bambanci kaɗan kan jawo tsaiko. Ana sabunta rajistar duk shekara. Idan ka bari ta mutu, ba za a ba ka sabuwar kwangila ba, biyan kuɗi ma yana iya tsayawa.

Daga nan sai ka zaɓi lambar NAICS, wato lambar da ke nuna rukunin sana'arka. Da ita hukumar kula da ƙananan kamfanoni ta Amurka (SBA) ke tantance ƙanƙantar kamfani, ko ta yawan ma'aikata, ko ta matsakaicin kuɗin shiga na shekara 5. Ana haɗa lissafin da na duk kamfanin da mallaka ta haɗa ku, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe.

Idan ka ci kwangilar hidima da aka keɓe wa ƙananan kamfanoni, kada abin da za ka biya 'yan kwangilar da ka ba wani ɓangare na aikin, waɗanda ba ƙananan kamfanoni irin naka ba, ya wuce kashi 50 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ta biya ka. Adana kowane rasit, za a iya nemansa. In an sayi kamfanin ko ya haɗe da wani, sake bayyana girmansa cikin kwana 30.