Matsalar Silo a Tsofaffin Motoci Masu Nozul: Kurakuran da Aka Fi Yi

Hannun da ya saba da kafireto, da zarar silo (gudun injin lokacin da mota ke tsaye) ya rikice, sukuru yake nema. A motoci masu tsarin fesa mai ta nozul na Bosch K-Jetronic, irin su Mercedes 280E da Golf GTI ta 1976, wannan ɗabi'a ta ɓata injina da yawa. Akwai wani ƙaramin sukuru da ake juyawa da makullin alan mai milimita 3, shi ke daidaita mai da iska. Ɗan juyi kaɗan yana sauya komai, kuma ba a saita shi da kunne, sai da na'urar auna hayaƙi. A masu L-Jetronic kuwa, sai ka ga an ɓalle baƙin murfin ma'aunin iska an sassauta sifirin. Ciwon asali yana nan, an kuma ƙara masa wani. Sukuru shi ne na ƙarshe, ba na farko ba.

Abin da ya kamata a fara nema shi ne iskar sata. Waɗannan motoci suna auna iskar da ta shiga ne kafin su ba da mai daidai da ita. Duk iskar da ta kutsa ta bayan ma'aunin ba a lissafa da ita ba, sai mai ya yi kaɗan, injin ya riƙa rawa ko silo ya riƙa hawa da sauka. Robar da ta shekara arba'in tana shan zafi ba abar amincewa ba ce. Kallon babban tiyon da ke tsakanin ma'aunin iska da totur daga sama bai isa ba. Tsagewar tana ɓuya ne a cikin lanƙwasa, ta ƙasa. A cire shi, a lanƙwasa a hannu. A bi ƙananan tiyoyi ɗaya bayan ɗaya, da robobin gindin nozul, har da murfin zuba baƙin mai, don shi ma yana iya shigar da iska. Wajen gano inda iskar ke shiga, hura hayaƙi cikin bututun iska ya fi fesa maganin wanke kafireto, wanda kan iya kama wuta a kan injin mai zafi.

Sai batun zafi. Galibi sansa biyu ce a jikin hanyar ruwa: ɗaya ta agogon gaban direba, ɗaya ta ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutarta. Mutane kan canza ta agogo su zauna jiran sauƙi. Ta ƙwaƙwalwa, irin ta Bosch, tana nuna kusan om 2,500 a digiri 20, ta sauko kusan om 300 a digiri 80. Mita kawai ake buƙata. Wanda ya cire tamostat kuma, wai don kada mota ta yi zafi, ya sa injin ya daɗe bai ɗumama ba, ƙwaƙwalwa na ta ƙara mai, filogi na yin baƙi.

Idan silo ya ƙi saukowa bayan injin ya yi zafi, a matse tiyon bawul ɗin ƙarin iska, wanda ke ƙara wa injin iska lokacin da yake da sanyi. In gudun injin ya faɗi, bawul ɗin ba ya rufewa. A yawancin masu Motronic da LH-Jetronic, bawul mai lantarki ne ke riƙe silo, kuma sau da yawa wanki yake so, ba sauyi ba. Kada a ja wayar totur don ɗaga silo: akwai makunnin da ke yin ƙas idan totur ya rufe, in bai taɓa ba, ƙwaƙwalwa ba ta san mota na tsaye ba.

Kayan rage gurɓataccen hayaƙi su ne marayu, kowa ya zo sai ya ɗora musu laifi. Bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, ya kamata ya kasance a rufe lokacin silo. In gawayi ya tokare shi, a kankare. Tiyon gwangwanin gawayi mai tara tururin fetur, in aka cire aka bar bakin a buɗe, an buɗe wa iskar sata ƙofa da hannu. Sansar iskar oksijin, wadda Volvo 240 ta fara ɗauka a 1976, ita ma ana yawan yi mata ƙazafi. Don an zare ta mota ta lafa, wannan ba hujja ba ce cewa ta mutu. Mai lafiya tana kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 idan ta yi zafi. Huda a salansa kafin wurin da sansar take yana jawo iska, sansa ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara. Gaskiya ta faɗa, salansar ce ke son walda.

Matatar hayaƙin da ta narke kuwa, yawanci ɗanyen fetur ne ya ƙone a cikinta saboda filogi ko waya ba sa ba da wuta. Sabuwa ma haka za ta narke in ba a gyara wutar da taimin ba.