Yadda ake haɗa faya-fayan ajiya biyu a tsarin RAID 0

Tsarin RAID 0 hanya ce ta haɗa faya-fayan ajiya biyu ko fiye, kwamfuta ta riƙa ganinsu a matsayin faifai guda. Ana yanka kowane fayil ƙanana-ƙanana, a rubuta yanki na farko a wannan faifai, na biyu a wancan, a lokaci ɗaya, shi ya sa saurin karantawa da rubuta manyan fayiloli kan kusan ninkawa. Sai dai tsarin ba ya ajiye kwafin komai, kuma idan faifai ɗaya ya mutu, duk bayanan sun tafi, domin abin da ya rage a kan mai lafiyar gutsattsari ne marasa amfani. Ya dace da aikin tace bidiyo da wasannin da za a iya sake saukewa, amma bai dace da takardun da ba su da kwafi a wani wuri ba.

Ka nemi faya-fayai masu girma ɗaya, kuma zai fi kyau su zama samfuri ɗaya, domin tsarin kan auna kowane faifai da mafi ƙanƙanta: idan ka haɗa mai terabait 1 da mai terabait 2, terabait 2 kawai za ka samu, ba 3 ba. Kashe kwamfutar, cire ta daga wuta, sannan ka jona wa kowane faifai wayar SATA (wadda ke kai bayanai tsakanin faifai da babban allon kwamfuta) da wayar lantarki. Kwashe duk abin da ke kansu tun da wuri, domin aikin zai share su ƙaf.

A Windows, danna maɓallin dama na linzami a kan Start, ka buɗe Disk Management. Goge ɓangarorin da ke kan faya-fayan biyu har su nuna Unallocated, wato wurin da ba a ware wa komai ba, kuma a nan ne ya kamata ka natsu ka duba lamba da girman kowane faifai, kada ka taɓa wanda Windows ke kai. Danna dama a kan ɗaya daga cikinsu, zaɓi New Striped Volume, ƙara na biyun, ba shi harafi, sannan ka zaɓi NTFS, tsarin ajiyar fayiloli na Windows. Za a nemi izininka a mayar da faya-fayan zuwa Dynamic, sai ka amince. Windows ba ya tashi daga irin wannan haɗin, saboda haka dole ya zauna a faifansa na daban. Microsoft yanzu ta fi karkata ga Storage Spaces, inda zaɓin Simple ke yin makamancin wannan aiki.

Akwai kuma hanyar BIOS, wato saitin babban allo da ake shiga kafin Windows ya tashi, inda ake sauya yanayin SATA daga AHCI (yanayin da aka saba) zuwa RAID, a gina haɗin da Intel Rapid Storage Technology ko takwaransa na AMD. Ta nan za a iya ɗora Windows a kan haɗin, amma ban cika ba da shawararta ba, domin sauya yanayin bayan an riga an ɗora Windows kan hana kwamfutar tashi, kuma idan babban allon ya lalace, sai an samu wani allon mai irin na'urar RAID ɗinsa kafin a karanta faya-fayan. Idan aka tambaye ka girman yanki, kilobait 128 ya wadatar ga manyan fayiloli.

A Linux, bayan ka tantance sunayen faya-fayan da umarnin lsblk (a misalin nan sdb da sdc ne), umarnin shi ne mdadm --create /dev/md0 --level=0 --raid-devices=2 /dev/sdb /dev/sdc, sannan ka tsara shi da mkfs.ext4, ka rubuta bayanansa a fayilolin saiti na mdadm.conf da fstab don ya hau da kansa duk lokacin da aka kunna kwamfutar.

Bayan an gama, auna saurin da manhajar CrystalDiskMark. Faifai mai juyawa 7200 a minti kan ba da megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa, biyu a haɗe su kai wajen 300 zuwa 400, alhali SSD guda (faifan da ba ya juyawa) na nau'in NVMe a kan mahaɗin PCIe 3.0 na iya kai 3500. Wanda sauri kaɗai yake nema, SSD ya fi masa. Haɗin ya fi amfani ga mai buƙatar wuri mai faɗi, ko wanda faya-fayan ke hannunsa tun farko.